Kafin Ka Kira Yaro Daƙiƙi

Shekarata goma sha huɗu ina koyar da Turanci a sakandare, kuma babu kalmar da na ƙi jini a ofishin malamai kamar "daƙiƙi". Ni ma na sha faɗinta, Allah Ya yafe mini.

Wani yaro ɗan aji huɗu ne ya fara sa ni nadama. Kullum yana bencin baya, kullum littafinsa kwafin na maƙwabcinsa ne, har da kurakuran. Sau biyu ina zane shi. Rannan na ce ya karanto abin da ke kan allo, sai ya ƙanƙance ido ya ce, "Malam, wallahi hazo kawai nake gani." Ashe tabarau yake buƙata. Na dawo da shi gaba, mahaifinsa ya kai shi asibitin ido, magana ta ƙare.

Lamarin wata ɗaliba ya fi wannan wuya. In labari ne da baki, sai aji ya yi tsit. Amma da ta ɗauki biro, "b" ta koma "d", "was" ta koma "saw", layi ya ɓace mata a tsakiyar karatu. Masana suna kiran wannan dislekisiya. Ba aljanu ba ne, ba lalaci ba ne, kuma bai shafi basira ba: ƙwaƙwalwa ce ke shan wahalar haɗa harafi da sautinsa. Turanci kuwa ya ƙara mata nauyi. A rubutun Hausa, galibi yadda ka ji haka za ka rubuta. Turanci haruffansa 26 ne, sautukansa kusan 44, har ka ga "though" da "through" da "tough" sun yi kama a ido, amma kowacce da furucinta. Ni kaina da na karanci harshen, wani lokaci sai na duba ƙamus.

Na daina tsayar da ita karatu ba zato a gaban 'yan'uwanta, don kunyar ce ke ƙara rikita ta. Ina ba ta shafin tun ana gobe ta je gida ta yi ta bi. Insha'i kuma sai ta fara faɗa mini da baki, sannan ta rubuta. Ba na cika mata takarda da jan biro. Kalmomi biyar nake zaɓa mu gyara a mako.

Akwai kuma waɗanda suka zo daga tsangaya da Islamiyya, ana musu kallon na baya. Wanda ya karanci tajwidi ya riga ya san kowane harafi da mafitarsa. Da wannan nake shiga. Bahaushe yakan haɗa "p" da "f", ya ce "fan" a wurin "pan". Sai in ce musu "p" leɓɓa biyu ne, "f" kuwa haƙoran sama ne a kan leɓen ƙasa. Nan take suke kamawa, sau da yawa kafin 'yan makarantun kuɗi. Ba ƙaramin abu ba ne, domin WAEC tana da takarda guda ta sautukan Turanci, kuma wanda bai samu kiredit a Turanci ba, shiga jami'a ya zame masa aiki.

'Yan'uwa malamai, na san ajin da yara suka haura saba'in ba ya barin mutum ya bi kowa ɗaya bayan ɗaya. Amma sauya wa yaro benci, ko fuskantar aji lokacin magana don mai raunin ji ya ga bakinka, ba ya cin ko kwabo. Iyaye kuma, in sakamako ya zo da ja, a duba ido da kunne kafin a ɗauko bulala.

Ɗalibar nan har yau takan juya "b" da "d" in ta gaji. Zangon da ya wuce dai ta rubuta mini wasiƙa mai shafi biyu, ita kaɗai.