HAƊA WAYAR MOTA: DALMA KO MATSI?

Ko wace mota tana da wayoyi da yawa. Su ke kai wuta daga batir zuwa fitila da hon da sauran wurare. A cikin ko wace waya akwai siraran zarurruka na jan ƙarfe, an rufe su da roba.

In waya ta tsinke, waɗansu su kan murɗa bakin biyu kawai, su naɗe da leda. Wannan ganganci ne. Wurin da aka murɗa ya kan yi sako-sako, ya yi zafi. Wutar batir ba ta jan mutum kamar ta gida, amma tana iya ƙone mota ƙurmus. Ga direba da dare a tsakiyar daji, fitila ta mutu, ga fasinja cike da mota. Ka ga abin ba na wasa ba ne.

Hanyoyin kirki na haɗa waya biyu ne.

Ta fari ita ce liƙi da dalma. Abin liƙin nan haɗi ne na kuza da dalma, yawanci kuza kashi 60, dalma kashi 40. Kuza ita ce wadda a ke haƙowa a ƙasar Jos. Mai gyara ya kan zafafa wayar da ƙarfen liƙi, ya narka dalma ta bi cikin zarurrukan. In ta huce, sai su zama abu ɗaya. Wuta tana bi sosai.

Amma dalma tana da aibi guda. Ta kan sandarar da waya. Mota kuwa kullum cikin girgiza ta ke, balle a hanyar ƙauye mai gargada. Ka ɗauki sirarin ƙarfe, ka yi ta lanƙwasa shi gaba da baya, ai zai karye. Haka waya ke karyewa daidai inda dalma ta tsaya.

Hanya ta biyu ita ce matsi. Akwai ɗan bututun ƙarfe da a ke sayarwa don wannan aiki. A kan feɗe robar bakin waya, a zura cikin bututun, a matse da filaya ta musamman. Waya ba ta sandarewa, saboda haka tana jure girgiza. Don haka ne masu ƙera motoci su ke haɗa yawancin wayoyinsu da matsi.

Bututun yana da girma uku, ana gane su da launi. Ja na siririyar waya ne, shuɗi na matsakaiciya, rawaya na mai kauri. In ka sa siririyar waya cikin babban bututu, za ta zare.

To, wanne ya fi? A mota, matsi ya fi. Amma sai an yi shi daidai. Matsin da aka yi da haƙori ko da dutse bai kai liƙi mai kyau ba. In babu bututu, a yi liƙi da dalma kaɗan, a ɗaure wayar jikin 'yan'uwanta don kada ta yi ta motsi.

Ga abubuwa huɗu da za ka riƙe:

1. Kafin a taɓa waya, a cire kan batir mai alamar ragi tukuna.
2. Bayan an haɗa, a ja wayar da hannu. In ta zare, a sake.
3. A rufe wurin sarai don kada ruwa ya shiga. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.
4. Dalma guba ce. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci, kada kuma a bar yara su yi wasa da ita. A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara.

In ka kai motarka ko babur ɗinka wurin gyara, tsaya ka ga yadda aka haɗa wayar.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa murɗa waya ke da haɗari?
2. A ina wayar da aka liƙa ta kan karye?
3. Wace waya a ke sa wa jan bututu?
4. Rubuta wannan a littafinka: Matsi yana jure girgiza.