Kwanon Dattijo: Jan Hankali ga Masu Kula da Ciyar da Tsofaffi

Jama'a, wannan takarda ta waɗanda aka ɗora wa nauyin ciyar da tsofaffi ce, ko kwamitin masallaci ne, ko ƙungiyar matan unguwa, ko ma'aikatan cibiyoyin ciyarwa na watan azumi irin waɗanda gwamnatocin Kano da Jigawa da Sakkwato kan buɗe. Magana ɗaya muke so ta zauna muku: sauke tukunya rabin aiki ne. Sai abinci ya shiga cikin tsoho, cikin kuma ya karɓa, sannan a ce an ciyar.

A zamanin gandu ba a bukatar kwamiti. In an kwashe tuwo, malmalar mai gida ce ta fari, dattawa su haɗu a zaure su yi ciyayya, tsohuwar da ba ta da kowa kuma yaran maƙwabta su kai mata kwano da magariba. Yanzu gandu ya watse, samari sun bazu Legas da Abuja da Fatakwal neman na kai, hatsi ya yi tsadar da mai kyauta ma sai ya duba rumbunsa. Gwamnatin tarayya ta sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa a 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021. Madalla. To amma cibiya tana Abuja, tsoho yana lungu, ku ne kuke ganinsa.

Ku fara da sanin su wa kuke ciyarwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin rabon buɗe-baki ya ga yadda ake yi: mai ƙarfin kafaɗa ke gaba, yara su kutsa ta ƙasa, kafin dattijo mai sanda ya iso an kankare tukunya. Shi ma da ya iso, da sauƙi. Wanda ya fi kowa bukata ba ya zuwa layi sam. Wata makanta ce ta zaunar da ita, wani shanyewar ɓarin jiki, wani kuwa a da shi ne mai bayarwa, yau kunya ba za ta bar shi ya riƙe kwano a bainar jama'a ba. Saboda haka a zauna da mai unguwa da liman da unguwarzoma, waɗanda suka san kowane gida, a rubuta suna da gida da larurar kowa a littafi. Sa'an nan a raba aikin biyu: masu iya fitowa a keɓe musu tabarma a inuwa su ci tare, domin hira tana buɗe ciki, waɗanda ba su iyawa a bi su har ɗaka.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a duniya. A Amurka, tun 1972 doka ta tanadi ciyar da masu shekara 60 zuwa sama, wasu a wurin taro, wasu a gidajensu, aka kuma shar'anta kowane ci ya ƙunshi aƙalla sulusin abin da jiki ke bukata a yini. Aljihunmu bai kai nasu ba, amma auna abinci da bukatar jiki ba sai mai kuɗi ba.

A nan ne masu girki suka fi kuskure. Ana cewa tsoho ba ya cin da yawa, sai a dama masa koko tsararo a ce ya wadatar. Gaskiya ne cinsa ya ragu, amma bukatarsa ta abinci mai gina jiki ba ta ragu ba, ƙaruwa ma ta yi, don tsoka tana zaizayewa da shekaru, in ta zaizaye kuwa sai yawan faɗuwa da karaya. Masana abinci sun ce dattijo mai lafiya yana bukatar giram 1 zuwa 1.2 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Wato mai kilo 50 yana neman giram 50 zuwa 60, alhali ƙwai ɗaya giram 6 ne ko kusa da haka. Kada wannan lissafi ya firgita ku. Kusan rubu'in busasshen wake furotin ne, waken suya ya fi shi. Ga alale, ga awara, ga kunun gyaɗa, ga fura da nono, ga faten wake da zogale ko alayyafo, ga busasshen kifi da za a daka a zuba a miyar kuka. Duk a kasuwar ƙauye ake samunsu. Mai ciwon ƙoda kaɗai a bar wa likita ya yanke masa adadi.

Sai maganar haƙori. Ka ba wanda ba shi da turame tsokar nama mai tauri, ka rubuta a littafi an ba shi nama, alhali jikansa ne ya cinye. A daka, a niƙa, a dafa ya yi luguf. Wake a jiƙa shi tun dare maimakon a cika masa kanwa, don kanwa tana kashe wani ɓangare na amfaninsa. Wanda yake ƙwarewa ko tari in yana haɗiya, a zaunar da shi a miƙe, a ba shi mai kauri kaɗan-kaɗan, a kuma kai shi asibiti.

Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi. Hawan jini ya yi yawa a tsakanin dattawanmu, ɗunƙulen ɗanɗano kuma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. A rage shi, daddawa da albasa da citta su cike gurbin. Kunu a dama shi ba sukari, mai so ya zuba a kofinsa, saboda masu ciwon sukari. Ruwa ma kada a jira sai tsoho ya roƙa: tsufa yana dushe jin ƙishirwa, a zafin Afrilu dattijo yana iya bushewa bai sani ba. Wani abin da masu cibiyoyin azumi kan manta shi ne, tsohon da shari'a ta ɗauke wa azumi da rana yake jin yunwa. In tukunya ba ta sauka sai la'asar sakaliya, shi ya yi azumin da ba a ɗora masa ba.

Tsafta ba ta bukatar dogon bayani. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili. A zuba a kula, a kai da zafinsa. Gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna a zubar, gubarta hanta take ci. Gudawar da saurayi zai kwana biyu ya miƙe, ita ce kan kwantar da tsoho. Ku gayyaci duba-gari ya leƙa madafa da kanku, tun bai zo da takarda ba.

Mu zo kan sito, inda amana ta fi karyewa. Kada mutum ɗaya ya zama shi ne mai saye, shi ne mai mabuɗi, shi ne mai rubutu. Buhu nawa ya shigo, tiya nawa aka auna yau, kwano nawa ya fita, a rubuta, mutum biyu su sa hannu, a karanta wa jama'a a ƙarshen wata. Wannan ba zargi ba ne, kariya ce ga ma'aji. Ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. In ɗan kwangila ne ke girki, kada a biya shi da lissafin bakinsa, sai da na masu karɓa.

Littafi ma yana iya cika, alhali tsoho na ramewa. Don haka shugaban kwamiti ya riƙa zaga gidaje ba sanarwa, ya zauna, ya gaisa, ya ce, “Baba, jiya me aka kawo? An iya ci kuwa?” Ya duba ko zobe ya fara zamewa daga yatsa, ko riga ta yi yawa. Da magwajin tela ma ana ganewa: in kaurin tsokar bayan ƙwauri bai kai santimita 31 ba, alama ce ta rama, a sanar da ma'aikacin lafiya. In kwano yana dawowa cike, kada a ce Iya ta cika tsirfa. A bincika, ko ciwon baki ne, ko magani ne ya ɗauke mata sha'awa, ko kaɗaici. In kuwa jikoki ne ke cinye rabonta don su ma yunwar suke ji, faɗa ba zai yi magani ba, sai dai a ƙara awon gidan.

Abu na ƙarshe, a bar ɗaukar dattawa hoto da kwano a hannu ana yaɗawa a waya. Mai bayarwa yana da hakkin ganin lissafi, amma mutuncin mai karɓa ba ya cikin cinikin. Ku kuma da kuka karanta wannan takarda, ku karanta wa masu girki da yaran da ke kai kwano, sa'an nan ku ɗauki littafinku ku zaga unguwa a wannan mako, ku nemo sunan da aka tsallake.