Darasi: Ƴan makaranta masu sauya jinsi da dokokin wasanni a Amurka

 Ya ku ƴan'uwa Musulmi, labarin wata jayayya da ta raba kan mutanen Amurka yana iso mana ta rediyo da wayoyin hannu, har ɗalibanmu sun fara tambaya a kanta. Mun ga ya dace mu fahimci mas'alar kamar yadda take a can, sannan mu duba abin da malamanmu suka faɗa, domin hukunci a kan abu yana zuwa ne bayan saninsa.

Asalin mas'alar

Cikin shekara ta 1972 Amurka ta kafa doka wadda ta hana nuna bambanci tsakanin namiji da mace a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A lokacin, ƴan mata ƴan sakandare masu shiga wasanni ba su kai dubu 300 ba. Bayan shekaru arba'in da wani abu sun haura miliyon 3. A ƙasar, wasa hanya ce ta ilimi, domin yarinyar da ta yi fice a tsere ko iyo tana iya samun karatun jami'a kyauta.

Sai aka sami yara da aka haifa maza, suna cewa a ransu mata ne, suka canja suna da sutura, wasunsu likitoci suka ba su magungunan jinkirta balaga. Su ake ce wa masu sauya jinsi. Tambayar ita ce: cikin wane rukuni za su yi wasa?

Dokokin da aka kafa

Jahar Idaho ce ta fara, cikin watan Maris na 2020, ta keɓe wasannin mata ga waɗanda aka haifa mata. Zuwa 2025 jahohi fiye da 25 sun bi sawu. A watan Fabrairu na 2025 shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin janye kuɗin tarayya daga makarantun da suka ƙi wannan tsari, washegari kuma hukumar wasannin jami'o'i ta canja ƙa'idarta. A watan Janairu na 2026 kotun ƙolin ƙasar ta saurari ƙararraki biyu a kan dokar Idaho da ta West Virginia.

Hujjojin ɓangarorin biyu

Masu goyon bayan dokokin sun dogara ga ƙirar jiki. Idan namiji ya balaga, ƙashinsa yakan yi tsawo, tsokarsa ta yi kauri, zuciya da huhu su ƙara girma. Bajintar duniya a tseren mita 100 ta maza, wadda Usain Bolt ya kafa a 2009, sakan 9,58 ce. Ta mata, wadda aka kafa a 1988, sakan 10,49. Tazarar ta kai wajen kashi 10 cikin ɗari, ita ce ma dalilin ware rukunin mata tun farko. Suka ce yarinyar da ta shekara biyar tana horo, in aka haɗa ta da mai ƙarfin ɗa namiji, an tauye mata haƙƙi.

Masu adawa kuwa sun ce yaran kaɗan ne, kuma wanda bai balaga ba bai sami wannan fifiko ba. A 2022 gwamnan jahar Utah, Spencer Cox, ya ƙi sa hannu a kan irin wannan doka, ya ce cikin ƴan wasan sakandare kimanin dubu 75 na jaharsa, huɗu ne kawai masu sauya jinsi, ɗaya tak ke wasa da mata. Majalisar jahar ta rinjaye shi, dokar ta wuce.

Akwai kuma matsalar bincike. Dokar Idaho ta tanadi cewa idan aka yi shakkar wata ɗaliba, likita ya tabbatar da jinsinta ta duba jikinta ko ta gwaji. A Utah ma, cikin 2022, iyayen wasu ƴan mata da aka tsere wa sun kai ƙorafi suna shakkar jinsin wadda ta ci. Aka bi takardunta har zuwa ajin renon yara, aka tarar mace ce tun haihuwa. Ga dokar da aka yi don kare ƴaƴa mata ta jawo wa ɗiya mace zato.

Abin da malamai suka faɗa

Wajibi ne mu bambanta abu uku da jama'a ke cakuɗawa.

Na farko, mata-maza, wanda littattafan fiƙihu ke kira hunsa, wato wanda aka haifa da al'aura marar bayyana. Wannan halittar Allah ce, babu laifi a kansa. Malaman Malikiyya sun yi bayanin alamomin da ake gane shi da su, in kuma ya rikitar, a gado ana ba shi rabin rabon namiji da rabin rabon mace. Da wannan mas'ala Shehu Halilu ya rufe Muhtasar.

Na biyu, namijin da aka halitta da taushin murya da motsi irin na mata ba da gangancinsa ba. Imamu Nawawi, cikin sharhin Sahihu Muslim, ya bayyana cewa babu zargi a kan irin wannan, zargin yana kan mai ƙirƙirar kamanceceniya da gangan, wanda hadisin Ibnu Abbas ya yi hani mai tsanani a kansa.

Na uku, mai cikakkiyar halittar namiji ko mace da ke son canja ta. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka cikin 1989, ta hana wannan, ta kuma halatta yi wa mata-maza magani don a fito da abin da ya rinjaya a halittarsa.

Darussan da za mu ɗauka

Ɗaya: motsa jikin ƴaƴa mata halal ne cikin sutura da kamun kai. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi tsere da Nana A'isha, ta tsere masa, daga baya shi ma ya tsere mata. Keɓe wa mata filinsu adalci ne gare su, kuma ya dace da koyarwarmu.

Biyu: kare haƙƙin wani ba ya halatta tona asirin wani. Suratul Hujurati, aya ta 11 da ta 12, ta hana izgili da jifa da miyagun laƙubba da mugun zato da bin diddigin asirin mutane. Iyayen Utah sun yi zato, zaton ya zama ƙarya.

Uku: yaron da ya ruɗe game da kansa amana ne a hannun iyayensa da malamansa. Duka da kora ba sa gyara shi, sai dai su tura shi hannun miyagun abokai. A saurare shi, a nemi likita amintacce ya duba ko akwai lalurar halitta, a haɗa shi da malami mai haƙuri. Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta umarce mu da adalci ko ga wanda muke ƙi, balle yaro ƙarami da ke ƙarƙashin kulawarmu.

Muna kira ga malaman Islamiyya da shugabannin makarantu da su tsawata wa ɗalibai masu kiran ɗan'uwansu ɗan daudu don muryarsa, ko masu yi wa yarinya ba'a don ta fi sauran ƙarfi. Allah Ya shiryar da zuriyarmu, Ya ba mu ikon yin adalci, Ya suturta mu duniya da lahira. Allah ne Mafi sani.