Amsoshin Tambayoyinku: Ko Inji Na Buƙatar Ƙarin Sinadari a Baƙin Mai?

Wani direban tasi daga Adabraka a birnin Accra yana tambaya: shin ruwan nan na 'yar kwalba da ake tallarsa a Abossey Okai, wai a zuba cikin baƙin mai, dole ne?

To Malam, ba dole ba ne. Baƙin mai na kirki, mai tambarin API a jikin galan, tun daga kamfani aka haɗa shi da sinadaran wanke datti da na hana ƙarfe cin ƙarfe. An auna su daidai, ƙari kan iya dagula ma'aunin. A 1997 ma hukumar FTC ta Amurka ta sa masu irin wannan ruwan kwalba mai suna Slick 50 daina wasu iƙirarin talla da suka kasa kawo hujjarsu.

Irin ruwan kwalbar mai kauri yakan rage hayaƙin tsohon inji, amma rufa-rufa ce. Ringin da ya cinye sai bakanike.

Kai da ke wuni cikin cunkoson Circle, ga ƙurar hunturu, ka riƙa juye mai da wuri, ka sauya filta, ka bi lambar man da littafin motarka ya faɗa. Kuɗin kwalbar, ka ƙara ka sayi mai na asali.