Albasar Furen Hayasin: Shawarwari 7 Kan Mayar Da Ita Lambu

A ƙasashe masu sanyi irin su Ingila, Jamus da Holand, tukwanen furen hayasin kan cika shaguna tun daga watan Disamba. Asalin wannan fure mai ƙamshi daga yankin Turkiyya, Siriya da Lebanon yake, amma manoman Holand ne suka fi noma shi yanzu. A lambu sai Maris ko Afrilu yake buɗewa. Na ɗaki kuwa, an ajiye albasarsa ne cikin sanyi na makonni 10 zuwa 12, sannan aka kai ta ɗumi don ta yi fure kafin lokacinta. Wannan yakan galabaitar da ita, amma da ranta. Idan aka kula da ita, za ta yi shekaru tana ƙawata gida.

1. Ku yanke karan furen da zarar ya yanƙwane. Idan aka bar shi, albasar za ta ɓata ƙarfinta wajen yin iri.

2. Kada ku taɓa ganyen. Duk sauran shawarwarin a kan wannan suka dogara. Ganyen ne ke karɓar hasken rana yana tara wa albasar abincin da za ta yi furen baɗi da shi. Kada a yanke shi, kada a ɗaure shi, ko da ya kwanta ya daina kyan gani. Ku ajiye tukunyar kusa da taga mai haske, wurin da ba ɗumi sosai, har ganyen ya yi rawaya da kansa. Wannan kan ɗauki kimanin makonni 6.

3. Ku ci gaba da ban ruwa da taki. Ruwa kaɗan ya isa, gwargwadon yadda ƙasar ba za ta bushe ba. Duk bayan mako 2 ku zuba takin ruwa irin na tumatir. Da ganye ya fara rawaya, sai ku rage ruwan.

4. Ku saba mata da waje sannu a hankali. Bayan ƙanƙara ta wuce, ku riƙa fitar da tukunyar da rana kuna shigo da ita da dare na kamar mako guda, kafin dashe.

5. Ku zaɓi wuri mai rana da ƙasa mai tsane ruwa. Babban abokin gabar albasa shi ne ruwa mai kwanciya, domin ruɓar da ita yake yi. Idan ƙasar laka ce, ku gauraya ta da tsakuwa ko yashi. Ku binne albasar zurfin santimita 10, tsininta yana sama, da tazarar kusan santimita 8 tsakanin wannan da waccan. Ku kafa guntun itace a wurin don kada fartanya ta sare ta lokacin da ganye ya ɓace.

6. Ku sa safar hannu, ku kuma nisanta ta da kicin. Bawonta yana sa ƙaiƙayi, kuma tana da guba ga mutum, kyanwa da kare. Da yake ta yi kama da albasar miya, kada a ajiye ta inda yaro ko mai girki zai ruɗe.

7. Ku yi haƙuri da shekarar farko. Furen zai fito ƙarami, ba cunkushe kamar na shago ba. Wadda aka rena a kwalbar ruwa ta fi gajiya, tana iya tsallake shekara guda ba ta yi fure ba. Kada a sake tilasta wa albasa ɗaya yin fure a ɗaki. Lambu ne wurinta daga yanzu.

Masu son kawo ta Kano ko Damagaram su sani cewa sanyin hunturunmu bai kai abin da take buƙata ba. Sai an sa ta a firji na makonni 10 zuwa 12, nesa da tuffa da ayaba, domin iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa tana lalata furen da ke cikinta.