Darasin Kimiyya: Yadda Muruci Ke Samuwa Daga Ƙwallon Giginya

Duk wanda ya tashi a Badarawa ta Kaduna ya san muruci, domin idan lokacinsa ya yi ana ganin dafaffensa a kan tire a bakin hanya da cikin Kasuwar Kawo. Amma idan aka tambayi ɗalibi mene ne muruci, yawanci amsar da zai bayar ita ce saiwar giginya. Wannan amsa ba daidai ba ce, kuma gyara ta shi ne ginshiƙin darasinmu na yau. Muruci jaririyar giginya ce sukutum, wadda ta tsiro daga ƙwallo, ta tara abinci a ƙarƙashin ƙasa, aka tono ta tun ba ta zama bishiya ba.

Mu fara da uwar. Giginya bishiya ce 'yar asalin Afirka daga dangin dabino, goruba da kwakwa. Masana tsirrai suna kiran ta Borassus aethiopum, sunan da wani Bajamushe, Martius, ya ba ta a 1838. Takan kai tsawon mita 20 ko fiye, shi ya sa ake mata kirari da na nesa ka sha inuwarki. Akwai giginya namiji, akwai mace. Namijin fure kawai yake yi, macen ce ke haihuwa bayan garin furen namijin ya isa gare ta. Ɗan giginya idan ya nuna yakan yi ruwan lemo, ya faɗo da kansa, kuma nauyinsa kan wuce kilo 1. A cikin namansa mai zare-zare da ƙanshi akan sami ƙwallo har 3, kowanne cikin ɓawo mai tauri.

To, me ke cikin ƙwallon? Abu biyu ne. Akwai ɗan mitsitsin ɗan tayi, wato asalin sabuwar bishiyar, sannan akwai farin abu mai tauri da ya cika sauran wurin, wanda shi ne guzurin da uwa ta tanadar masa. Ɗan tayin ba shi da ganye, saboda haka ba zai iya haɗa abincinsa da hasken rana ba tukuna. Da wannan guzuri zai rayu tsawon watanni.

A nan ne ya kamata a natsu sosai. Idan aka shuka wake, kwana kaɗan sai ya ɗago kai sama. Giginya ba haka take yi ba. Idan ƙwallon ya sha danshi, bayan kamar wata guda sai wani farin tsiro ya huda ɓawon ya nufi ƙasa, yana ɗauke da ɗan tayin a bakinsa. Yakan nutsa santimita 30 zuwa 40, wani lokaci ma fiye. Ɗaya ƙarshen tsiron yana nan cikin ƙwallo, inda yake kumbura ya zama wani abu mai laushi da ƙananan ramuka. Aikin wannan sashe shi ne fitar da sinadaran da ke narkar da farin guzurin, ya tsotse shi, ya tura shi ƙasa. Wato tsiron nan yana aiki irin na cibiya tsakanin uwa da ɗan da ke cikinta.

Abincin da ya isa ƙasa ba duka ake amfani da shi nan take ba. Jaririyar takan mayar da shi sitaci, ta adana a ganyenta na farko, wanda bai yi kama da ganye ba ko kaɗan: ya yi kauri, ya yi tsawo, yana da tsini a sama. Wannan kumburarren sashe shi ne murucin da muke ci. Saiwar gaskiya kuwa tana fita ne daga gindinsa. Idan ka tsaga muruci gida biyu, za ka ga wani siririn tsinke a tsakiya. Wannan shi ne ganyen da ke shirin ɓullowa sama. Ina son kowane ɗalibi ya tsaga ya gani da idonsa. Haka kuma a makaranta ana iya ɗiga ruwan aidin a kan tsagin; zai koma shuɗi mai duhu, kuma wannan ita ce shaidar sitaci.

Me ya sa giginya ke wannan nutso? Domin a dajinmu akwai rani mai tsawo, akwai gobarar daji, ga dabbobi masu kiwo. Idon tsiron da ke can cikin ƙasa wuta ba ta kai masa, kuma danshi ya fi daɗewa a wurin.

Wanda ya fahimci wannan ya riga ya fahimci noman muruci. Ana tara 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, a cire naman, a shuka ƙwallayen ba tare da an bar su sun bushe ƙarau ba, domin bushewa na kashe ɗan tayin. Ƙasa mai yashi-yashi ake so, saboda laka mai tauri kan hana tsiron nutsewa, wurin da ruwa ke kwanciya kuma yana ruɓar da ƙwallo. A yi kunya mai tudu, a jera ƙwallayen kusa da juna, a rufe da ƙasa. Ba a buƙatar tazara mai yawa ko taki mai yawa, tunda abincin daga ƙwallo yake zuwa. Damunar Kaduna, wadda ke kaiwa har Oktoba, ta isa shayar da su. Saboda haka ɗan fili a bayan gida ko a lambun makaranta ya wadatar.

Girbi kan zo ne bayan wata 6 zuwa 8, kuma lokaci yana da muhimmanci. Idan aka yi gaggawa, murucin bai cika ba. Idan aka yi jinkiri har koren ganye ya buɗe sama, jaririyar ta fara cinye ajiyarta, sai murucin ya rame ya yi zare. Ana haƙa daga gefen kunya da zurfi, kada fartanya ta sare shi. Daga nan a ɓare kuben da ya lulluɓe shi, a wanke, a dafa. Dafuwa na tausasa sitacin, tana kuma rage ɗan ɗacin da ɗanyensa ke da shi.

Ba mu kaɗai muka san wannan abinci ba. A yankin Gaya da Dallol Mawri cikin jihar Dosso ta Nijar, inda dazuzzukan giginya suke, noman muruci sana'a ce babba. A kudancin Indiya da Sri Lanka ma suna tono irinsa daga wata 'yar'uwar giginya, har su busar su yi gari.

Sai dai akwai lissafin da bai kamata mu kauce masa ba. Ganyen zogale ko na kuka idan an tsinka, wani na fitowa. Muruci kuwa kowane ɗaya da aka tono, giginya guda ce da ba za ta taɓa miƙewa ba. Ga shi bishiyar na ɗaukar shekaru masu yawa kafin ta fara haihuwa, ana kuma sare manyanta don azara saboda gara ba ta cin ta da sauƙi. Kuma ba ta son dashe, sai a inda aka binne ƙwallon. Don haka ina kira ga duk mai gona a wajen gari da ya ware wasu ƙwallaye ya binne a kan iyakar gonarsa, nesa da gidaje saboda faɗowar 'ya'yan, ya bar su su girma.