DARASI A KAN TSARGIYA: FITSARIN JINI BA ALAMAR BALAGA BA NE

Muna gode wa Allah da ya ba mu lafiya ya kuma ɗora mana amanar kiyaye ta. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa samari, darasinmu na yau a kan wata cuta ne wadda ta zauna a cikinmu har muka daina ɗaukarta cuta, watau tsargiya. Yaro ya tsuguna fitsari, da ya zo ƙarshe sai jini ya ɗigo. Abokansa su yi dariya su ce ai ya zama namiji. To, mu fara gyara wannan. Malaman fiƙihu sun lissafa alamomin balaga, kamar mafarki da fitowar gashin mara, babu fitsarin jini a ciki. Wannan jinin rauni ne daga cikin mafitsara. Ba zafin rana ke kawo shi ba, ba kuma ciwon sanyi ba ne, balle a ɓoye shi don kunya.

1. INA TA KE FITOWA?

Kogin Kano ya gangaro daga kudu, ya ratsa dajin Falgore ta ƙasar Doguwa da Tudun Wada, ya zuba cikin dam ɗin Tiga a ƙasar Bebeji. An gama ginin dam ɗin a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Alherinsa ba ya ɓoyuwa: ga kifi, ga noman rani har Kadawa da Kura. Amma ruwa mai kwanciya da ciyayi a gefensa shi ne gidan wata 'yar ƙaramar katantanwa, kuma a cikinta cutar ke renon 'ya'yanta. Haka ya faru a Gana bayan an gina dam ɗin Akosombo a 1965, tsargiya ta yawaita a ƙauyukan bakin tafkin Bolta. Kada ɗan Kiru ya ce ai shi ya yi nisa da Tiga. Kududdufin bayan gari da rafin fadama sun ishe ta.

Wani likita Bajamushe, Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. Ga yadda ta ke zagayawa. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar su fita tare da fitsarin su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su shiga katantanwa su hayayyafa. Bayan kamar wata guda su fito da yawan gaske suna iyo, ido ba ya ganinsu, sun kuwa fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ke kora mu cikin ruwa. Ba sai ka sha ba. Ta fata su ke shiga, ko ƙafa kawai ka tsoma. Su girma a jijiyoyin jini na kewayen mafitsara, bayan wata biyu zuwa uku su fara zuba ƙwai. Ƙwan nan mai ƙaya ne, shi ke huda bangon mafitsara, jini ya fito.

Tsutsar na iya yin shekaru a jiki. Jinin ya kan ɗauke, mutum ya zaci ya warke, alhali ɓarna na ci gaba: ƙarancin jini, kasala, toshewar hanyar fitsari, lalacewar ƙoda, wani lokaci har ciwon daji na mafitsara. Ta kan taɓa hanyar maniyyi, ta kan jawo matsalar haihuwa ga namiji da mace. Kai mai shirin aure, ka ji wannan da kyau.

2. MATAKAI UKU NA KARIYA

Ma'aikatan jinya sun kasa kariya daga cuta kashi uku.

Na farko, a hana ta shiga. Kada a yi fitsari ko bayan gida a ruwa ko a bakinsa. Akwai irin tsargiyar da ke kama hanji, ita ta bayan gida ta ke yaɗuwa. A yi wanka da alwala da ruwan rijiya ko burtsatse. In dole sai na tafki, a ɗebo a ajiye shi kwana biyu, ko a dafa shi, tsutsotsin za su mutu. Manomin rani ya sa dogon takalmin roba in zai shiga ban-ruwa.

Na biyu, a gano ta da wuri. Ka ga jini, ka tafi asibiti a auna fitsari. Maganin ƙwaya ne, sunansa firazikwantel, ana ba da shi gwargwadon nauyin mutum, a sha bayan an ci abinci. Shi ne wanda a kan raba wa 'yan makaranta kyauta, ana auna tsawonsu da sanda.

Na uku, wanda ta riga ta yi wa illa a ƙoda ko mafitsara ya lizimci likita don kada abin ya ƙaru.

Lura da wannan: maganin yana kashe tsutsar da ke jikinka yau, ba ya hana wata shiga gobe. Ka sha magani ranar Litinin, ka faɗa kududdufi ranar Juma'a, ka koma gidan jiya. Ka ga ke nan maganin gaskiya shi ne sauya hali.

3. DON ME MUTUM KE SANI AMMA BAI BARI BA?

Masana aikin jinya sun lura cewa mutum ba ya barin ɗabi'a sai abu huɗu sun zauna a zuciyarsa: ya yarda cutar za ta iya kama shi, shi kansa, ya yarda tana da haɗari, ya yarda abin da aka ce ya yi zai amfane shi, sannan ya ga abin zai yiwu gare shi. A na huɗun nan mu ke yawan faɗuwa. In ka ce wa masunci kada ya taɓa ruwa, ka ce masa ya bar 'ya'yansa da yunwa, ba zai saurare ka ba. Amma in ka ce masa ya yi fitsarinsa a tudu nesa da ruwa kafin ya shiga kwalekwale, ya kuma riƙa zuwa awo da shan magani, wannan zai iya.

Sauyin kuma hawa-hawa ne. Da fari mutum bai ma damu ba. Sai ya fara tunani, ya ƙudura niyya, ya aikata, sannan ya ɗore. Wani zai zame ya koma. Kada ka yi masa gori, ka kama hannunsa a sake farawa. Nas ta gari ba ta yi wa majinyaci tsawa. Tambayarsa ta ke yi: ina ka ke wanka, me ya hana ka zuwa rijiya? Haka ya kamata ka yi da ƙanenka.

4. TAMBAYA DA AMSA

Tambaya: Malam, ai cuta ƙaddara ce, me zai sa mu wahalar da kanmu?

Amsa: Ƙaddara gaskiya ce, riƙon sababi kuma ba ya rushe tawakkali. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke can, shawara ya yi da sahabbai, ya juya da jama'a Madina. Wa ya fi shi tawakkali a cikinmu?

Tambaya: Ruwa mai yawa kamar na Tiga, ɗan fitsarina zai ɓata shi?

Amsa: Hani ya tabbata a Buhari da Muslim game da yin fitsari a ruwa mai kwanciya. Ga shi bincike ya nuna mai tsargiya ɗaya na iya zuba ɗaruruwan ƙwai a ruwa, kowane ƙwai kuma ya zama dubbai a cikin katantanwa. Yaron da zai yi wanka bayanka, me ya yi maka? Wannan haƙƙi ne.

5. AIKIN WANNAN MAKO

Kowane ɗalibi ya tambayi ƙannensa a keɓe, cikin taushin murya, ko suna ganin jini. Wanda ya amsa, a kai shi asibiti, kada a tsaya ga jiƙe-jiƙe. Ku duba makarantar allon unguwarku: in babu masai, almajirai bakin rafi za su nufa, ba laifinsu ba ne. Ku haɗu ku yi gayya ku haƙa. In masu rabon magani sun zo makaranta, ku fahimtar da iyaye, ku tabbata yara sun karya kumallo kafin su sha. Ku nemi duba-gari ya zo ya yi bayani bayan sallar Juma'a.

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba mu ikon aiki da abin da muka ji. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.